Lakar Ƙorama da Hukuncin Alƙaluma: Shin Awon Sinadari Ya Isa Ya Nuna Guba?

Yawunde gari ne na tuddai, shi ya sa ruwan sama ba ya kwana inda ya sauka. Abin da ya zuba a kan benayen Cité Verte, da lungunan Briqueterie inda Hausawa suka daɗe da kafa unguwa, da rumfunan kasuwar Mokolo, duk kwari yake gangarawa, ya kwashi abin da ya tarar a hanya: baƙin mai na gareji, ruwan batir, tokar bola, ɓarɓashin fenti, ruwan wanki da na bayan gida. Cikin 'yan sa'o'i ruwan ya wuce. Lakar da ya ajiye a ƙasan ƙorama kuwa tana nan, damina bayan damina, tana tara abin da garin ya zubar.

Duk hukumar da ke da alhakin irin wannan ƙorama tana fuskantar tambayoyi uku. A yashe lakar ko a bar ta? Idan an yashe, ina za a zuba ta? Shin ma tana da guba, ko muni da wari kawai gare ta? Amsar da ta fi sauƙin samu ita ce a ɗebi lakar a kai ɗakin gwaji, a auna dalma da tutiya da sauran ƙarafa, a fito da takarda cike da lambobi. Sai dai lamba ba ta cewa "akwai guba" da bakinta. Tsakanin yawan sinadari da illarsa ga mai rai akwai rata, kuma ilimin ƙididdiga ya shafe fiye da shekara 30 yana ƙoƙarin cike ta. Ya dace mu san yadda aka yi aikin, da inda ya yi nasara, da inda yake tuntuɓe, tun da da wannan ma'aunin ake yanke wa ƙoramun Yawunde da na Kano hukunci.

Me ya sa laka?

Yawancin ƙarafa masu illa ba sa son zama cikin ruwa. Dalma, tagulla, tutiya, kadmiyam da zaiba suna manne wa lallausan ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓun ganyaye, su nutse tare da su inda ruwa ya rage gudu. Haka sinadaran da ke cikin hayaƙi da kwalta da baƙin mai, waɗanda ake kira PAH, da sinadarin PCB na tsofaffin taransifoma. Don haka ana iya ɗibar ruwan ƙorama yau a same shi da dama-dama, alhali taɓon da ke ƙarƙashinsa ya ninka shi ƙazanta sau ɗaruruwa.

Tafkin birnin Yawunde misali ne a fili. An samar da shi a farkon shekarun 1950 ta hanyar datse ƙoramar Mingoa, kuma tun lokacin yake karɓar abin da unguwannin da ke samansa suka sako, har da ruwan kwatamin gidajen Messa. Ruwan tafki a kwance yake, saboda haka abin da ya shigo yakan zauna. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, amma dalmar da motoci suka fesa kafin nan ba ta ruɓewa. Tana inda ruwa ya kai ta.

A cikin wannan taɓon akwai masu gida: tsutsotsi, dodon koɗi, 'ya'yan ƙwari da ƙananan dangin jatan lande. Su ne abincin tarwaɗa da sauran kifaye. Idan suka mutu, ƙorama ta zama lambatu.

Hanya biyu ta sanin gaskiya

Hanya ta farko ita ce awon sinadari. A busar da lakar, a narkar da ita da asid, na'ura ta faɗi miligiram nawa na kowane ƙarfe ke cikin kilo ɗaya. Jami'o'i da yawa a Najeriya da Kamaru suna da wannan na'ura, kuma sakamako ba ya daɗewa.

Hanya ta biyu ita ce a tambayi mai rai. A tsarin hukumar kare muhalli ta Amurka, ana zuba laka mililita 100 a kofin gilashi, a ƙara ruwa mai tsabta a kai, a saka halittu goma, a maimaita a kofi takwas, a ajiye a zafin digiri 23 na kwana 10. Halittun da aka fi amfani da su a ruwan daɗi su ne Hyalella azteca, wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande, da tsutsar ƙwaron Chironomus, jar tsutsar nan da ake gani cikin taɓon kwata. A gefe guda ana ajiye wasu kofunan da laka mai tsabta don kwatance. Bayan kwana 10 a tace, a ƙirga waɗanda suka rayu, a auna girmansu. Idan na cikin lakar da ake tuhuma sun mutu fiye da abin da za a ce tsautsayi ne, an tabbatar da guba.

Wannan gwaji ya fi kusa da gaskiya, amma yana buƙatar kiwon halittun duk shekara, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da ya ƙware. Daga nan tunanin hasashe ya taso. Idan aka tara dubban samfurori waɗanda aka yi wa gwajin biyu a lokaci guda, awon sinadari da gwajin halitta, za a iya gano alaƙar da ke tsakani. Bayan haka, duk wanda ke da awon sinadari kaɗai zai iya kintatar abin da gwajin halitta zai nuna.

Yadda aka gina ma'aunin

A 1990 Edward Long da Lee Morgan na hukumar kula da teku ta Amurka, NOAA, suka fitar da ma'auni na farko da ya yaɗu, aka sake gyara shi a 1995. Dabararsu mai sauƙi ce. Ga kowane sinadari, sun tattara duk rahotannin da aka ga illa ga halittu, suka jera yawan sinadarin daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Adadin da ya faɗo a kashi 10 cikin 100 na jerin suka kira ERL, wanda ya faɗo a tsakiya suka kira ERM. Ga dalma a lakar teku, na farko miligiram 46.7 ne a kilo, na biyu 218. Ƙasa da na farko da wuya a ga illa, sama da na biyu ana yawan ganinta, tsakaninsu kuwa wani lokaci a gani, wani lokaci a'a.

Kanada ta gina nata da wata dabara kusa da wannan, jihar Washington da lardin Ontario ma kowa da nasa. Da ma'aunai suka yi yawa, sai Donald MacDonald da Christopher Ingersoll da T. A. Berger suka haɗa na ruwan daɗi wuri guda a shekarar 2000, suka fitar da iyaka biyu ga sinadarai 28. Ƙaramar iyaka ita ce TEC, babbar ita ce PEC. Su ne aka fi gani a rahotannin koguna. A lissafin miligiram cikin kilo na busasshiyar laka, dalma tana da 35.8 da 128, tutiya 121 da 459, tagulla 31.6 da 149, kadmiyam 0.99 da 4.98, kuromiyam 43.4 da 111, nikel 22.7 da 48.6, zaiba 0.18 da 1.06.

Akwai sharaɗin da masu wannan aiki suka gindaya wa kansu, kuma yawancin masu ɗaukar lambobin ba sa ambatonsa. Sun ce za a ɗauki iyaka a matsayin abin dogaro idan ta faɗi daidai a kashi 75 cikin 100 na samfurorin da aka jarraba ta da su. Ke nan tun daga tushe an yarda ma'aunin zai iya kuskure sau ɗaya cikin huɗu, kuma a ce ya ci jarrabawa.

Daga iyaka zuwa yiwuwa

Laka ba ta zuwa da sinadari ɗaya. Inda akwai dalma, galibi akwai tutiya da tagulla da baƙin mai. Don a lissafa su tare, sai aka ƙirƙiro matsakaicin rabo: a raba kowane sinadari da babbar iyakarsa, a haɗa amsoshin, a raba da yawansu.

Mu ƙaddara, don misali kawai, an auna wata laka an sami dalma 96, tutiya 230, tagulla 60, kadmiyam 1. Babu ko ɗaya da ya kai babbar iyaka, kuma mai duba su ɗaya-ɗaya zai ce lafiya lau. Amma rabon dalma 0.75 ne, na tutiya 0.50, na tagulla 0.40, na kadmiyam 0.20. Matsakaicinsu 0.46. A binciken shekarar 2000, lakar da matsakaicinta ya haura 0.5 ita ce ake sa ran za ta kashe halittun gwaji. Wannan lakar tana bakin gaɓa, ko da yake babu sinadari ɗaya da za a nuna da yatsa.

Mataki na gaba ya zo daga Jay Field, shi ma daga NOAA, da abokan aikinsa a 1999 da 2002. Sun ce duniya ba ta rabu gida biyu ba, mai guba da marar guba, da layi a tsakiya. Sun ɗauki samfurori fiye da 3,000 na lakar gaɓar teku, kowanne da awon sinadari da sakamakon gwajin kwana 10, suka zana wa kowane ɗaya daga sinadarai 37 lanƙwasasshen layi mai siffar harafin S. A ƙasan layin, inda sinadari kaɗan ne, yiwuwar guba ƙarama ce. A tsakiya layin yana hawa da sauri. A sama ya sake kwantawa kusa da tabbas. Daga layin ana karanta adadin da yiwuwar ta kai kashi 20, ko 50, ko 80 cikin 100. Ga lakar da ke da sinadarai da yawa, sun gano cewa sinadarin da ya ba da yiwuwa mafi girma shi ne ya fi nuna hali, bayan an yi masa ɗan gyaran lissafi.

Amfanin wannan hanya shi ne ta mayar da hukunci hannun mai shi. Ƙididdiga za ta ce yiwuwar guba a wannan wuri kashi 35 ce cikin 100. Ko wannan ya isa a kashe kuɗin yashe, ko a fara da wurin da ke da kashi 70, shawara ce ta masu mulki da jama'ar unguwa. Kuskure iri biyu ne, kuma ba a rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Idan aka sauko da iyaka ƙasa, za a yi ta yashe lakar da ba ta cutar da komai, kuɗi su tafi a banza. Idan aka ɗaga ta sama, za a bar guba a kwance ana cewa an duba.

Inda hasashen ke tuntuɓe

Tun a Amurka, inda aka haifi ma'aunin, an yi masa tankaɗe da rairaya. A 1998 Thomas O'Connor da wasu suka jarraba shi da samfurorin gaɓar teku, suka tarar cewa cikin waɗanda suka haura ERM, waɗanda suka kashe halittun gwaji ba su kai rabi ba. Ƙaramar iyaka ta fi riƙe amana: lakar da ba ta kai ta ba, da wuya ta nuna guba. Ma'aunin ya fi iya wanke laka daga zargi a kan ya kama ta da laifi. Dalilai huɗu ne manya.

Na farko, abin da na'ura ta auna daban, abin da ya shiga jikin tsutsa daban. Asid ɗin ɗakin gwaji yana fito da ƙarfe duka, har wanda ke ɗaure. A baƙar laka marar iska, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, akwai sinadarin salfaid, ɗan gidan farar wuta, wanda ke kama kadmiyam, tagulla, dalma, nikel da tutiya ya hana su narkewa. Dominic Di Toro da abokansa sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa muddin salfaid ya fi ƙarafan yawa, da wuya ƙarafan su kashe halitta. Ruɓaɓɓun ganyaye ma suna riƙe sinadaran mai. Laka biyu masu dalma daidai wa daida na iya bambanta, ɗaya ta kashe, ɗaya ta ƙyale.

Na biyu, siffar sinadarin. Kuromiyam iri biyu ne a muhalli: mai lamba shida, wanda ke narkewa cikin ruwa kuma gubarsa ke da tsanani, da mai lamba uku, wanda ba ya narkewa sosai. Majemu da mai lamba uku suke jima, kuma a laka marar iska kuromiyam a wannan siffar yake zama. Awon da ya ba da jimillar kuromiyam bai bambanta su ba.

Na uku, tafiya tare ba ta tabbatar da laifi. Tun da sinadarai a tawaga suke zuwa, ƙididdiga na iya ɗora wa tutiya alhakin mutuwar da baƙin mai ya jawo, don kawai kullum tare ake ganinsu. Layin S yana faɗin abin da aka saba gani a wuraren da tutiya ta kai wani adadi. Bai ce tutiyar ce ta yi kisan ba.

Na huɗu, abin da ba a auna ba. A tsakiyar shekarun 2000, Donald Weston na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya gano cewa lakar ƙoramun unguwanni a jihar tana kashe Hyalella, kuma sanadin shi ne magungunan ƙwari dangin piretiroyid da ake fesawa a gidaje da filayen ciyawa. Waɗannan ba sa cikin jerin sinadarai 28 ɗin nan. Irin wannan dangin ne ke cikin gidan sauro mai magani da yawancin magungunan feshi na ɗaki da na lambu a ƙasashenmu. Ga kuma amoniya, wadda ke taruwa a duk lakar da ruwan bayan gida ke shiga, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe halittun gwaji.

Kayan aro

Duk waɗannan matsaloli a gidan ma'aunin suke. Idan aka ɗauko shi zuwa kogin Mfoundi na Yawunde ko kogin Jakara na Kano, sai wasu su ƙaru. Dillalin da ya koyi kintatar naman sa da ido a kan farin Bunaji, idan aka kai shi kasuwar da gajerun shanun kurmi suka cika, idonsa zai taimake shi, amma sai ya ga an yanka da yawa kafin kintacensa ya daidaita. Ma'aunin laka da halittun Arewacin Amurka da ƙasarta aka horar da shi.

A fara da ƙasar kanta. Jadawalin da Turekian da Wedepohl suka fitar a 1961, wanda masu bincike ke ɗauka a matsayin awon asali na dutsen laka a duniya, ya ba kuromiyam miligiram 90 a kilo, nikel 68. Kuromiyam ɗin ya ninka ƙaramar iyaka sau biyu, nikel ɗin ya haura babbar iyaka ta 48.6, alhali babu masana'anta ko ɗaya a lissafin. Jar ƙasar Yawunde mai yawan ƙarfe ce, irin wadda ruwan sama na dubban shekaru ya wanke ya bar mata ƙarafan da ba sa narkewa. A irin wannan ƙasa, kafin a ce kuromiyam ko nikel ya yi yawa, wajibi ne a auna lakar saman ƙorama, inda gari bai taɓa ba. Tsatsar ƙarfen da ke ba ƙasar launi ita ma tana riƙe ƙarafa, wanda ke iya rage illarsu.

Sai yanayi. Zafin Yawunde bai yi nisa da digiri 23 na ɗakin gwaji ba, amma ruwan Kano a bazara ya wuce haka nesa, kuma zafi yana sauya yadda halitta ke shan guba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bushewa. Yawunde na samun damina biyu a shekara, Kano ɗaya gajeriya, kuma a rani taɓon gefen kogi yana bushewa ya tsattsage. Da iska ta shige shi, salfaid ya lalace, ƙarafan da ya ɗaure su kuɓuce. Haka yake faruwa idan aka yashe kwata aka tara lakar a bakin titi, ko aka kwashe ta zuwa gona a matsayin taki. Lakar da ba ta cutar da tsutsa a ƙarƙashin ruwa na iya zama wata aba dabam bayan mako biyu a rana.

Sai kuma al'adar bincikenmu. Awon ƙarafa ba baƙo ba ne a nan. A 2008 masu bincike daga Kamaru da Koriya ta Kudu sun wallafa awon ƙarafan sabuwar lakar Mingoa. A Kano an yi rubuce-rubuce da yawa kan kogunan Challawa da Salanta, inda ruwan majemu da masaƙun Sharaɗa da Challawa ke zuba, da kan Getsi da Jakara da ke kwashe na Bompai da na cikin gari zuwa madatsar Wasai. Amma yawancin irin waɗannan ayyuka suna tsayawa a awon sinadari, sai a ɗora musu lissafin Müller na 1969, wanda ke kwatanta laka da awon asali, ko na Hakanson na 1980, wanda aka gina a kan tafkunan Suwidin, inda ake ninka zaiba da 40, kadmiyam da 30, dalma da tagulla da 5, tutiya da 1. Daga nan a rubuta cewa haɗari ga muhalli "matsakaici" ne ko "babba". Waɗannan lissafai suna nuna yawan ƙazanta, kuma suna da amfani a nan. Amma babu tsutsa ko ɗaya da aka saka cikin lakar. Hukuncin guba da aka yanke ta wannan hanya, hasashe ne da aka ɗora kan hasashen wata ƙasa.

Wannan ba dalilin watsi da ma'aunin ba ne. Ostareliya da New Zealand ma aro suka yi a shekarar 2000, suka ɗauki lambobin Long da 'yan gyare-gyare, suka kira su na wucin gadi, suka tsara cewa haura iyaka dalili ne na ƙarin bincike, sannan suka shafe shekaru suna gwaji da halittun ruwansu. Da babu gara ba daɗi. Abin gudu shi ne a manta cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ma'aunin bai yi alkawari ba

Iyakokin nan don kare halittun cikin laka aka yi su. Ba su ce komai ba game da yaron da ke wasa a ƙorama, ko matar da ke sayen ganye daga fadamun Nkolbisson inda ruwan Abiergue ke sauka daga wajen Cité Verte, ko mai cin latas da karas na lambunan bakin Jakara. Zaiba da PCB suna taruwa a jiki, suna ƙaruwa daga tsutsa zuwa ƙaramin kifi zuwa babba. Lakar da ba ta kashe komai cikin kwana 10 ba na iya ciyar da tarwaɗar da bai kamata mai ciki ta ci ba. Gubar zaibar da aka gano a Minamata ta Japan a 1956, ta kifi ta isa ga mutane. Tambayar lafiyar ɗan Adam da awon naman kifi da ganyen lambu da jinin yara ake amsa ta.

Haka kuma akwai matakin da ba a buƙatar wani lissafi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, niƙan duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400, kuma a wasu wuraren dalmar cikin ƙasa ta haura miligiram 100,000 a kilo. A nan aiki shi ne kwashe ƙasa da ba yara magani. Amfanin ƙididdiga yana tsakiya, inda lambobi ba su yi ƙasa a kwanta da rai ba, ba su kuma yi sama a ruga ba. A nan yawancin ƙoramun biranenmu suke.

Abin yi

Tun 1985 Long da Peter Chapman suka ba da shawarar da har yau ba a sami wadda ta fi ta ba: a haɗa shaidu uku a kan kowane wuri, awon sinadari, gwajin halitta, da ƙirgar halittun da ke zaune a lakar a zahiri. Idan ukun suka yi baki ɗaya, magana ta ƙare. Idan suka saɓa, saɓanin yana koyar da wani abu. Sinadari da yawa babu mutuwa yana nuna ƙarafan a ɗaure suke. Mutuwa babu sinadari tana nuna akwai abin da ba a auna ba.

Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Jar tsutsar Chironomus tana cikin kwatocinmu, kuma ana iya kiwonta a ɗaki. Akwai gwajin kwana 6 da ake yi da wata ƙaramar halitta mai ɓawo, Heterocypris incongruens, wadda ake sayen ƙwanta a bushe a ƙyanƙyashe lokacin buƙata, ba sai an yi kiwo ba, kuma hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da shi. Ƙirgar halittun ƙorama kuwa aiki ne da masana halittun ruwa na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya suka daɗe suna yi. Abin da ya rage shi ne haɗin kai: mai awon sinadari da mai nazarin halitta su ɗebi laka ɗaya, a rana ɗaya, daga wuri ɗaya, su auna yawan yumɓu da ruɓaɓɓun abubuwa da salfaid da amoniya tare, su zuba sakamakon a rumbu guda da kowa zai iya dubawa. Idan ɗaliban digiri na biyu da na uku a Yawunde, Ngaundere, Bayero, Zariya da Maraɗi suka bi tsari ɗaya, cikin 'yan shekaru za a tara ɗaruruwan samfurori masu gwaji biyu. Da su za a ga ko layin S na Amurka ya dace da jar ƙasarmu, ko sai an zana sabo.

Hukumomi ma suna da nasu. Kamaru tana da dokar muhalli tun 1996, Najeriya ta kafa hukumar muhalli ta NESREA a 2007. An kashe kuɗi masu yawa, da tallafin Bankin Raya Afirka, wajen gina magudanar Mfoundi don rage ambaliyar tsakiyar Yawunde, kuma magudana sai da yashe. Ya kamata kowace kwangilar yashe ƙorama ko tafki ta ƙunshi sharaɗin gwada lakar kafin a taɓa ta, da bayyana inda za a zuba ta. Sannan a tuna cewa yashe ba ya warkar da ƙoramar da ake ci gaba da zuba wa baƙin mai da ruwan jima. Toshe mafari ya fi araha.

Kai kuma mai karatu, ko kansila ne, ko mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar masu lambu, duk ranar da aka kawo maka rahoton da ya ce lakar unguwarku ta haura iyaka ko ba ta haura ba, ka yi tambaya huɗu kafin ka sa hannu: iyakar wace ƙasa ce, an auna lakar saman ƙorama don kwatance, an saka wata halitta a ciki an ga abin da ya same ta, kuma ina za a kai lakar idan an yashe. Rahoton da ba shi da amsar waɗannan ya faɗi abin da ke cikin lakar, amma bai faɗi ko tana kisa ba.